Sallama Ta Uku a Ƙofar Wani Tajirin Jidda

Utaibiyya, kafin kiran salla

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai fitar da bawa daga ɗakinsa ya kuma mayar da shi lafiya. 'Yan uwa na gida, ni ne Malam Garba Mai-keke, mutumin Haɗeja da ya zo aikin Hajji da ƙuruciya ya manta hanyar komawa. Keken da ake laƙaba mini ba na hawa ba ne, na tura tsofaffi ne a wurin ɗawafi da Safa da Marwa, har Allah ya kawo ni shekarun da ni ma sai a tura ni. Bokona aji uku ne na yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa, akwai lada.

Mun fito daga gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka ladan bai yi kiran farko ba, ni da uwargidana Hajiya Kulu. Jidda muka nufa. Kilomita saba'in ne da 'yan kai, tafiyar da yaran yanzu ke yi don shan iska, amma Hajiya ta yi mata shiri kamar mai zuwa birnin Sin.

Ga dalili. Hajiya ta shigo ƙasar nan tana ƙaramar yarinya, a jirgin ruwa daga Sawakin, ita da mahaifiyarta Inna Ta-Sallah. Mahaifinta ya rasu a hanya, can cikin Sudan. Suka sauka Jidda ba kuɗi, ba dangi, ba Larabci. Wani tajiri a tsohon gari ya bar su suna kwana a zauren gidansa tare da wasu baƙi irinsu, wata da watanni. Matar gidan kuwa kullum sai ta zuro musu abinci a kwando da igiya daga tagar sama. Ba su taɓa ganin fuskarta ba, sai hannu. Ranar da suka sami motar Makka, da gaggawa aka tashe su, ko ban kwana ba su yi ba. Abin ya zauna wa Inna a rai har ciwon ajali, ta ce, "Kulu, ki koma gidan nan ki yi musu godiya. Ki ce Ta-Sallah ce ta aiko ki."

Haihuwa ta zo, reno ya zo, takardun zama suka yi shekaru ba su daidaita ba, kuma ko sunan mai gidan Hajiya ba ta riƙe ba. Da muka ga yadda aka share tsofaffin unguwannin Makka aka dasa dogayen otal, sai muka ɗauka na Jidda ma ya bi su. Kwatsam bana matar maƙwabcinmu ta nuna mata wani bidiyo a waya, ana gyaran tsohuwar Jidda. Hajiya ta ce, "Tsaya. Mayar da shi baya." Ta ga ƙofar.

Da ta ishe ni da maganar, ta ce, "Malam, in na mutu na tarar da Inna, me zan ce mata?" Na ce ta ce mota ce ba ta samu ba. Ba ta yi dariya ba. Nan na san tafiya ta tabbata.

Samira biyu ta ɗora mini, ɗaya alkaki, ɗaya dambun nama, an ɗaure bakinsu da ƙyalle an yi ƙulli irin wanda in ka kwance za a gane. Na duba ƙullin da kyau, don ilimi kawai.

Hanya

Mun yi asuba a masallacin unguwa, muka gangara inda motocin haya na Jidda ke lodi. Direban da muka samu Usman ne, Bahaushen Sudan, magidanci mai furfura a gemu, Hausarsa rabi Larabci.

"Ya ammu, baffana, ina zuwa da amarya da duku-dukun nan?"

"Gidansu zan mayar da ita, ta ishe ni."

Hajiya ta ce, "Ja motarka, ɗana, kar ka biye masa. Tun bai fara furfura ba yake mayar da ni gidanmu."

Muka bi ta ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani buɗe a kan mazauninsa, gari yana fara haske. A Shumaisi, inda askarawa ke duba takardu, ba a tsayar da masu fita ba, layin yana ɓangaren masu shigowa Makka. Titi shimfiɗaɗɗe, duwatsu baƙaƙe hagu da dama, Usman yana gudu kamar an ce masa Jiddar za ta tashi. Na tuna masa cewa kayan da ya ɗauko tsofaffi ne, kuma ba a sayar da irinsu yanzu. Ya rage kaɗan don kunya, ya ƙara da yawa da ya ga na fara gyangyaɗi.

Bab Makka

Rana ba ta yi zafi ba ya sauke mu a Bab Makka, bakin tsohon gari, wanda mutanen Jidda ke kira Balad. Iskar Jidda ta tarbe mu da danshinta, kamar an jiƙa tsumma an yafa maka. Na ja Hajiya wurin wani mai ful da tamis, wato wake da gurasar tanda, na sa aka kawo da shayi mai na'ana'a. Ni na ci nawa, na kuma taimaka wa nata, don ta ce abinci ba zai wuce mata ba sai ta sauke saƙo.

Daga nan muka shiga lunguna. Jama'a, na ga gini. Ni da na ɗauka duk abin kallo ya ƙare a dogon agogon Makka, sai ga gidaje hawa huɗu, hawa biyar, an gina su da dutsen da aka haƙo daga bakin teku, har kana ganin sawun ƙananan halittun ruwa a jikinsa. Tsakanin jeren duwatsun an shimfiɗa katako don ya riƙe nauyi. Wasu gidajen sun jingina da juna kamar tsofaffi a layin asibiti, wasu an tokare su da ƙarfe ana gyara, wasu kuma sun sha fenti suna ƙyalli. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne roshan, wata irin taga ta katako da ke turo ciki waje, an sassaƙa ta raga-raga, tun daga hawa na farko har sama. Lungunan a matse suke, inuwa ba ta barinsu, iska kuwa tana bin su kamar an yi mata hanya da gangan. Ashe da gangan ɗin ne.

Hajiya ba ta gane hanya ba. Ta ce a da raƙuma ne ke durƙusawa a nan, yanzu ga masu sayar da waya. Muka nuna wa wani ɗan Yaman mai kayan ƙamshi hoton ƙofar, ya karkata kai, ya ce mu wuce masallaci mu karya dama, gidan da muka ga baƙi na shiga da fita shi ne, an mayar da shi wurin kallo.

Shi ne kuwa. Ƙofa mai ganye biyu, baƙin katako mai kauri, an zana mata furanni da sassaƙa, samanta an yi baka da farar ƙasa. A gefe akwai dakalin dutse. Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kan dakalin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Bakin ƙofa

Ƙofar a buɗe take. Na riga na sa ƙafa ɗaya ciki sai na ji an finciko rigata.

"Ina za ka? Gidan mutane ne."

"Hajiya, gidan kallo ne. Ga Turawa can sun shige da gajeren wando."

"Su ai Inna ba ta aike su ba."

Ta cire takalmi, ta gyara mayafi, ta tsaya daidai bakin ƙofa ta yi sallama da murya sosai. Shiru, sai wata tattabara da ta tashi daga saman taga. Wasu samari suka raɓa ta suka shige suna ɗaukar hoto. Ta jira, ta sake yin sallama. Shiru.

Ta juyo ta dube ni. "Saura ɗaya. In ba a amsa ba sai mu juya, haka aka koya mana."

Wanda bai san Hajiya ba zai ce wasa take. Ni na zauna da ita tun haƙorana suna cike, na san in ta yi ta ukun nan ba a amsa ba, Makka za ta koma da samirunta, kuma ba za ta ƙara zuwa ba, za ta ce ba a yi mata izini ba. Na ce, "Don girman Allah ki riƙe ta ukun nan a kumatu kamar goro, kar ki tauna. Zunubin shiga ba izini ni na ɗauka, a haɗa da sauran."

Na kutsa ciki. Can baya, a wani ɗan tsakar gida, na tarar da mai kula da gidan yana shan shayi da kafintoci. Sunansa Abu Majid, dattijo mai tumbi da tarin mabuɗai a ɗamara. Na yi masa bayani da Larabcina na masu tura keke, wanda ya fi ƙarfi a wajen "ba da hanya". Ya taso yana murmushi.

"Tafaddali ya hajja, shigo, a buɗe yake."

"Kai ɗan gidan ne?"

"A'a, aiki nake yi a nan."

"To ka yi haƙuri, ɗan'uwa, masu gidan nake nema."

Ta ba shi labarin tun daga jirgin ruwa, da Larabcinta da ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ce zuriyar gidan sun daɗe da komawa sababbin unguwanni, matar da take nufi kuwa ta rasu tun shi bai san kansa ba. Amma akwai mutum ɗaya da ta rage cikin waɗanda aka haifa a gidan, jikar matar, Sitti Nafisa. Ta tsufa ƙwarai, ba ta fita, sai dai duk Juma'a takan bugo masa waya ta tambaya ko an shafa wa tagogi mai.

Ya buga. Mai jinyarta ta ɗauka ta ce barci take, ba a tashinta. Muka zauna a kan dakali. Rana ta hau, inuwa ta matso jikin bango, muka bi ta. Na ba Hajiya shawara ta bari ni in hau sama in leƙo ta taga in amsa mata, tunda murya ce ake bukata. Ta ce in na ƙara magana za ta yi ta ukun yanzu kowa ya huta. Na kama bakina, abin da likitoci suka kasa sa ni.

Dab da azahar wayar ta yi ƙara. Abu Majid ya yi magana a hankali, ya saurara, ya sake yin magana. Sai ya shiga cikin zauren ya juyo yana fuskantar waje, ya buɗe muryar wayar, ya ɗaga ta da hannu biyu kamar mai riƙe da fitila.

Hajiya ta miƙe ta tsaya inda ta tsaya ɗazu. 

"Assalamu alaikum, masu gida."

Wata siririyar murya ta fito daga wayar. "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Shigo, 'yar'uwa, gidanki ne. Abu Majid, ka bar baƙuwa a rana?"

Cikin gida

Sanyi ne ya fara tarbar mu. Ba na'ura, ba fanka, kaurin bango ne kawai da dabarar mutanen da. Zauren yana da faɗi, rufinsa da tsawo, azarorinsa baƙaƙe. Hajiya ta nuna wata kusurwa bayan ƙofa ta ce nan ne shimfiɗarsu. Abu Majid ya buga ƙafa a ƙasa muka ji amo, ya ce ƙarƙashinmu tafki ne da aka gina, ruwan sama na bin bututu daga rufi ya taru a ciki, a sha har wata shekara. Ya ce ƙasan ginin ya girmi samansa da nisa, kakannin kakanni ne suka fara, kowane zamani ya ɗora nasa.

A dama akwai ɗakin da tajirin ke karɓar fatake. Ga akwatunan katako masu ƙusoshin tagulla, kowane zai ɗauke ni da kekena, ga babban sikeli rataye, ga buhunan gahawa da bandiran yadi da aka jera don a nuna irin hajarsa. Har yanzu in ka sa hanci jikin akwatin kana jin ƙamshin kanumfari. Na sa hancin, na tabbatar, don kada in kawo muku ji-ta-ji-ta.

Sitti Nafisa ba ta bar mu mun yi kallo cikin natsuwa ba. Daga cikin wayar take ba da umarni. "Ku hau da ita ɗakin kakata. Ku bi a hankali wajen kwana, dutsen ya lashe." Matakalar faɗi gare ta, kuma ba ta da tsayin taku. Abu Majid ya ce an yi ta haka ne don dabba ta iya hawa da kaya, saboda madafa tana can ƙololuwa, hayaƙi da zafi su tashi sama su bar mutane. Na ce lallai magina sun hango zuwana.

Gwiwoyin Hajiya ba su da kirki, kowa a unguwarmu ya sani. Abu Majid ya ce ta tsaya a hawa na farko ma ya wadatar. Ta ce daga inda kwando ke fitowa za ta yi magana. Ta kama bango, ni na tallafe ta ta baya, aikin da na ƙware a kai. Muka huta a kowace kwana. Kowane hawa da ɗakunansa, da kantoci a cikin bango, da ƙofofi masu sassaƙa, babu biyu da suka yi kama.

Ɗakin kakar yana hawa na uku. A nan na ga roshan ta ciki, na kuma sara wa wanda ya ƙago ta. Ashe ɗan ɗaki ce, da faɗin gado, an shimfiɗa mata katifu. Kana zaune kana ganin duk mai wucewa a lungu, shi ba ya ganinka. Iskar teku na shigowa ta ragar, ga tulunan ƙasa a jere a inda take bi don ruwa ya yi sanyi. Da ina da irinta a Utaibiyya, da babu sirrin da zai rage a unguwa.

Abu Majid ya ɗaga wani ɗan murfi a jikin ragar. A bakin katakon akwai wani kwari mai santsi da igiya ta ci. Hajiya ta sa yatsa a ciki. Ta leƙa ƙasa, ta ga dakalin da muka zauna, ƙanƙane.

Ta sa aka ajiye wayar a kan katifa. Sai ta durƙusa a gabanta, a kan gwiwoyin nan da ba ta iya lanƙwasawa ko a salla. Na miƙa hannu, ta ture.

"Sitti, Ta-Sallah ce ta aiko ni. Bahaushiya ce, ta kwana a zaurenku da 'yarta, ni ce 'yar. Mun tafi ba mu yi ban kwana ba. Ta ce in ce ta gode. Ta gode da wurin kwana, ta gode da abinci, ta gode da ba a taɓa korar mu ba. Allah ya saka, Allah ya haskaka kabarin mai gidan da matarsa."

Sai muryar Sitti ta fito daga wayar.

"'Yar'uwa, ba zan yi miki ƙarya ba, ban tuna ku ba. Duk shekara zauren nan cike yake. Amma ina tuna kakata. Ba ta sauka ƙasa, ba ta ganin masu ci. In kwando ya dawo sai ta ce, ko ya ishe su? Masu aiki su ce ya isa, ta ce ku dai kuna faɗa ne. Har ta tsufa tana wannan tambaya, ba wanda ya ci ya hau ya gaya mata. Ke kin ci. Yana isarku?"

Hajiya ta dubi kwarin igiyar nan. 

"Yana isarmu, Sitti. Har mu rage."

"Alhamdu lillahi," in ji tsohuwar, ta maimaita, ta sake maimaitawa, muryar na narkewa. Abu Majid ya juya yana gyara wani tulu da ba abin da ya same shi. Muka yi fatiha gaba ɗaya, har da mai jinya a can ɗaya ɓangaren.

Samirun nan biyu Hajiya ta damƙa wa Abu Majid, ya yi alkawarin kai su da hannunsa kafin dare. Sitti ta tambaya mene ne alkaki, aka gaya mata, ta ce likita ya hana ta zaƙi amma likitan ba ya kwana a gidanta. Na so matar nan.

Komawa

Mun yi azahar da la'asar a tsohon masallacin unguwar, muka koma Bab Makka. Hajiya ta ci shinkafa da kifi, ta cinye, ba ta nemi taimakona ba. Motar da muka samu ta wani Bapakistane ce mai tafiya kamar yana ɗauke da ƙwai. A Shumaisi askari ya karɓi igamarmu, wato takardar zama, ya dubi hoton ya dube ni, na ce masa hoton ne ya tsufa. Ya miƙo mana ya ce mu wuce.

Mun hango fitilun Makka ke nan Hajiya ta yi magana, da Hausa, idonta a kan titi.

"Ba ya isa, Malam."

"Me?"

"Abincin. Mun fi goma a zauren, kwando ɗaya. Inna kullum sai ta ce azumi take, ta tura mini nata. Sai da na girma na gane babu azumin da ake yi har bayan magariba."

"To don me kika ce har kuna ragewa?"

"Godiya aka aike ni in kai. Ba a aike ni da ƙara ba."

Na buɗe baki zan kawo mata fatawa a kan faɗin abin da ba haka ba, ni da na yi shekaru ina tura malamai a keke ina tsintar ilimi daga bayansu. Na duba duk abin da na tsinta, ban sami wanda ya fi nata ba. Na rufe.

Ana kiran magariba muka shiga Utaibiyya, lafiya lau, sai gajiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Usman da bai kashe mu ba, da Abu Majid da ya riƙe waya har hannunsa ya sage, da Sitti Nafisa da ta amsa. Wanda Allah ya kawo shi Umara cikinku, ya ware yini guda ya je ya ga gidajen nan tun suna tsaye. In kun je ku sa mutum biyu a addu'a: matar da ke zuro kwando, da wadda ke cewa azumi take.